Ƙona Su Ka Ce, Ko Kunna Su?

Dogon Dutsi, bayan girbi.

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake ban san yadda ake gaida mutumin da ke inda kake ba. Ba a tambayarka kwana, ba a tambayarka gajiya. Na kuma san takardar nan ba za ta zo hannunka ba, babu tashar da ake lodi zuwa can. Amma na saba, in abu ya ɗaure mini kai, in kawo maka ka warware shi kamar yadda kake warware wa yara lissafi a allo. To yau ma na kawo. Bambancin kawai, wannan karon kai ka ƙulla shi ka tafi.

Bari in fara ba ka labarin gida. Muna lafiya. Hatsi ya yi a gonar hanyar Matankari, wake ne bai yi ba, ruwa ya ɗauke da wuri. Jar akuyarka ta haifi biyu, ɗaya ya tsaya. Katangar gabas da kake ta cewa za ka gyara ta gaji da jiranka, ta kwanta da ruwan tsakiyar damina, yanzu zana muka kafa a wurin. Tsofaffin ɗalibanka har yanzu suna zuwa gaisuwa, wasu da furfura, ban ma san su ba. Na fita takaba. An kuma ɗaura auren autarmu Zalika da yaron nan Abdu da ka sani, ta tare a Doso. Ba cikin sauƙi aka ɗaura shi ba, kuma dalilin haka ne ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar da aka kwantar da kai a likita, bayan ɓarin jikinka ya shanye? Ban san abin da kake iya tunawa na ranar ba. Bakinka ya karkace, harshenka ya yi nauyi, magana tana fitowa kamar ta cikin tulu. Aka ba ni takardar magani na tafi farmasi, na bar yayanka Alhaji Idi da Zalika a bakin gadonka. A bayana ka yi magana. Dukansu biyu sun ji ka ce kaset, a nan babu gardama. Abin da ya biyo baya ne ya raba su. Alhaji ya ji ka ce a ƙona su. Zalika ta ji ka ce a kunna su. Da na dawo na tarar ka yi shiru, kuma ba ka sake furta komai ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ba wanda ya gaya mini sai bayan addu'ar arba'in. Alhaji ya zo da hantsi, ya zauna kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya ce akwai wasiyyar ɗan'uwansa a wuyansa, yana son ya sauke. Ya ce a fito masa da kwalin kaset ɗin nan. Zalika tana wanki, ta taso da kumfa a hannu, ta durƙusa, ta ce Baba Alhaji ya yi haƙuri, ba haka ka ce ba, ita ce ta fi kusa da bakinka. Alhaji ya ce shi tun kana tsumman goyo ya san muryarka. Ta ce kunna ka ce. Ya ce to ko da kunna ɗin ne, ai wuta ma kunna ta ake yi. Sai ta fashe da kuka. Ni kuwa ina zaune tsakaninsu da carbi a hannu, ina kallon wannan ina kallon wancan. Ka san Alhaji ba ya ƙarya. Ka san ɗiyarka ba ta ƙarya. To Malam, me ka ce?

Na roƙi Alhaji ya bar ni in fita takaba tukuna. Da na fita, na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, na kai tsohon rediyonka wurin mai gyara a bakin kasuwa ya sa masa sabuwar roba. Na ce a raina, in na saurare su ɗaya bayan ɗaya, wataƙila in gane abin da mutumin da ya tara su zai ce a ƙarshen ransa. Kullum bayan azahar, in gida ya yi shiru, sai in rage murya in kunna.

Wanda na fara sakawa shi ne Mai Kiran Doguwa. Ka tuna wadda ta raɗa masa wannan suna? Farkon shekarun casa'in ne, muna sabon aure, an tura ka koyarwa Matankari. Dukiyarka a duniya katifa ce da littattafai da rediyon nan. Ranar da na fara jin kiɗan da kuke kira rok, na ɗauka rediyon ne ya lalace. Gita tana ihu kamar an taka wutsiyar kare, ganguna kamar ana rushe rumbu. Sai Inna ta zo daga wajen Lugu ganin ɗakina, ta leƙo ta same ka ka rufe ido kana kaɗa kai gaba da baya. Ba ta tsorata ba, ita da ta girma a gidan bori, inda ake girka. Ta tsaya ta saurara sosai, sannan ta ce ashe Turawa ma suna da goge, kuma wannan ba kiɗan wasa ba ne, kira ne. Ta tambaye ka wace iska ce ke hawanka in an kaɗa shi, don ita dai ta ji kamar Doguwa yake kira. Ka yi dariya har da hawaye, ka ɗauki biro ka rubuta sunan a bayan kaset ɗin. Tun daga ranar muka riƙa raɗa musu suna, tunda sunayensu na gaskiya bakina ba ya iya juya su.

Kai ma, in za a faɗi gaskiya, Ingilishinka bai taka kara ya karya ba. Faransanci ne naka. In na tambaye ka me mutumin nan yake wa ihu haka, yau ka ce matarsa ce ta gudu, wani watan ka ce gwamnatinsu yake zagi, wata rana ka ce uwarsa yake kira. Waƙa ɗaya fa. A lokacin na ɗauka tsokanata kake yi. Yanzu da nake sauraro ni kaɗai, sai nake tunanin ko kai ma ba ka taɓa sani ba. Mutum zai iya son abu shekara da shekaru bai san me yake cewa ba? Ko kuwa rashin sanin ne ma ya sa kake zuba masa abin da ke ranka?

Sai Mai Zazzaɓi, wanda kake cewa duk shekarun nan goma ba a yi kamarsa ba. Mutumin yakan fara a hankali kamar mai raɗa a kunnen jariri, ka matso don ka ji, sai ya ɓarke da kururuwa kamar kunama ta harbe shi. Abokinka Arzika direba, na Tibiri, wanda yake kawo maka su daga Kwatano a kamyonsa na dakon kaya, bai taɓa yarda da kai a kan wannan ba. Shi nasa Mai Doguwar Hanya ne, mai ganga ɗaya tak da ba ta gajiya, ya ce shi ke hana shi gyangyaɗi daga Gaya har bakin teku. Duk dawowarsa sai kun zauna gindin bedi kuna shayi kuna wannan musu, kamar za a naɗa wa wanda ya ci sarauta. Shayi ya ƙare, a sake ɗorawa, ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Na saurari Mai Zazzaɓi har ƙarshe, Malam, fuska biyu, da kyakkyawar niyya. Har yanzu ban ga abin da ka gani ba. Arzika ya fi ka gaskiya.

Shekarun nan ba masu daɗi ba ne, ka sani. Albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, makaranta a rufe, kai a gida kana zagaye kamar ɗaurarren rago. Na tuna kana shanya pil, batir ɗin rediyo, a rana bisa katanga kamar kuɓewa, wai su ƙara ƙarfi. Na tuna kana soka biro cikin kaset kana juyawa da hannu don kada mayar da zare ya cinye wutar. In pil ya yi sanyi, muryar mawaƙin ta ja ta yi kauri kamar ta bijimi, kai kuma kana zaune kana bin ta a haka. Maƙwabta suna cewa malamin lissafi ya taɓu. Ni ina jin kunya, ina cewa ka rage wannan hayaniya. Amma ban taɓa ganin ka daki yaro don haushin talauci ba, ban taɓa jin ka ɗaga mini murya ba. Ihun da ya kamata ka yi, waɗannan mutanen ne suke yi maka? Daga baya da kaset ɗin gitar Buzaye suka fara shigowa daga Agadas, ka zo gida da ɗaya kana murna kamar an yi maka haihuwa, ka ce ga namu ya iso, ashe abin ba sai an haye teku ba.

Akwai wanda ban taɓa gaya maka ba. Mai Kukan Kurciya. Muryar mace ce, gitar tana tafiya a hankali a bayanta, sai can ta tashi sama ta yi ta juyi ita kaɗai. Shekarar da ƙyanda ta ɗauke mana ɗanmu Habibu, ka daɗe ba ka taɓa rediyo ba. Wata la'asar ina sheƙar hatsi a bayan zana, na ji ka kunna wannan can ƙasa-ƙasa. Na aje faifai na zauna a turmi. Tun ranar jana'izar ban yi kuka ba, mata har suna cewa na cika tawakkali, alhali ƙirjina ne ya kulle. Ranar na yi. Da kaset ya ƙare na share fuska, na shigo na ce maka abinci ya kusa. Ban sani ba ko ka san ina bayan zanar. Ban sani ba ko don ni ka kunna. Da ma na tambaye ka.

Sannan ka daina. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. Ba ciwo ka yi ba, ba wa'azi aka yi maka a gabana ba. Wata safiya, shekaru kaɗan kafin ka yi ritaya, ka jera su cikin kwali, ka ɗaure da igiya, ka tura ƙarƙashin gado. Ka koma sahun gaba a masallaci. Alhaji ya yi ta godiya ga Allah, ya ce addu'arsa ta karɓu. Matan unguwa suka yi mini barka. Ni ma na ce alhamdu lillahi tare da su, amma gidan ya yi mini faɗi. Na kan tsinci kaina ina daka a kan gangar Mai Doguwar Hanya. Ban ce maka ka dawo da su ba, don wace mace ce za ta ce wa mijinta ya bar carbi ya koma kiɗa? Kai kuma ba ka ce mini ga dalili ba. Tuba ka yi? Gajiya ka yi? Ko mitata ce ta shekaru ta yi aiki a lokacin da na riga na daina nufinta?

Na ce bari in nemi wanda ya san ka ta wannan gefen. Na shiga mota ran kasuwa na tafi Tibiri wurin Arzika. Ya tsufa, Malam, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya ce mini ai ba ka taɓa dainawa ba. Duk zuwanka Tibiri sai ka biya ta wurinsa, ku shiga zaure ku kara ƙofa, ya kunna maka a wayarsa, ku tayar da tsohon musunku. Na ji daɗi, na ji haushi, duka a lokaci guda. Ashe kana da inda kake zuwa ka ji, ni ka bar ni da shiru? Na ɗauka dai na sami amsa, har na fara gyara lulluɓi. Sai ya ce in tsaya, tsakani da Allah akwai saura. Zuwanka na ƙarshe, ana tsakiyar Mai Zazzaɓi, ka ce ya kashe. Sannan ka tambaye shi ko yana ganin za a tambaye ku wannan a kabari. Ya ce maka bai sani ba. Ka ce kai ma haka. Na dawo Dutsi da kaya fiye da wanda na tafi da shi.

Na je wurin liman. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma ba a gina hukunci a kan kalmar da harshen majinyaci bai fitar sosai ba, mu yawaita yi maka sadaka. Na kai wa Alhaji wannan. Ya ce shi ba fatawa yake nema ba, kunnensa ne ya ji. Kada ka ɗauka mugunta ce. Ya rame. Ya ce yana ganin ka a mafarki kana ɗauke da kaya a ka, kana neman mai sauke maka. Da maganar auren Zalika ta taso, ya ce ba zai iya zama gaban jama'a ya bayar da ɗiyar ƙanensa ba alhali amanar ƙanen tana ƙarƙashin gado. Zalika ta ce to wanta ya zo daga Yamai ya yi mata walicci. Ka san abin da hakan yake nufi. A ɗaura auren ɗiyarka yayanka yana gari bai zo ba, wannan tsaga ce da har jikoki sai sun gaje ta.

Na rasa wanda zan bi. In Alhaji ne da gaskiya na hana, na bar ka da nauyi a inda ba ka da ikon sauke shi. In Zalika ce da gaskiya na bayar, na ƙona abin da ka roƙa da numfashinka na kusa da ƙarshe. Na yi istihara ban ga komai ba. Daga ƙarshe dai na duba rayayyu. Ranar da Zalika ta tafi wurin tela, na ɗaure kwalin da igiyarka, na ɗauka da kaina na kai gidan Alhaji. Har da Mai Kukan Kurciya. Na so in cire shi, na ga in wasiyya ce ba a yi mata rabi.

Zalika ba ta yi mini rashin kunya ba. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta dube ni, ta shiga ɗaki. Har aka yi lalle, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar da za a kai ta, ta rungume ni tana kuka kamar kowace amarya, amma a kunnena ta ce ita dai ta san abin da ta ji. An yi biki lafiya. Alhaji ya yi walicci, ya yi rawar gani, bai bar mu mun nemi komai ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, an ƙona, sai in koyi zama da hakan. Sai ran nan Hajiya matar Alhaji ta zo mayar mini da tukwanen biki, ta ja ni gefe. Ta ce kwalin yana nan a ɗakinsa. Tun ranar da na kai, ya fita da shi bayan gida da kananzir da ashana. Ya kwance igiya, ya ga rubutun hannunka a jikin kowane ɗaya, da sunayen nan namu na shirme. Ta ce ya zauna a kan dutse yana ɗauka yana karantawa yana ajewa, har aka kira magariba. Ya mayar da su, ya ɗaure, ya shigo da abinsa.

Juma'ar da ta wuce Alhaji ya zo da kansa bayan an sauko. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo fura bai sha ba. Ya daɗe yana zancen katanga da kuɗin siminti. Can ya ce mini, da farko kalmar tana nan a kunnensa sarai kamar kiran salla, amma ya yi ta maimaita ta har ta lalace masa. Yanzu in ya tuna, wata rana ƙona yake ji, wata rana kunna. Ya ce ko dai abin da ya daɗe yana fatan ji daga bakinka ne ya ji? Sannan ya dube ni, mutumin da tunda na shigo gidanku bai taɓa neman shawarata ko a kan gishiri ba, ya ce ni na zauna da kai, me nake gani ka ce.

Na san yadda kake son kunu, na san tarinka a cikin na mutum ɗari, na san in ranka ya ɓaci gefen hularka kake taɓawa. Amma wannan ban sani ba. Na ce masa ban sani ba. Ya ce shi ma haka. Muka zauna, kaji suna ta kiwo a tsakaninmu. Da zai tashi ya tambaye ni, wai a cikin tarkacen nan duka akwai wanda ɗan Adam zai iya saurara kansa bai yi ciwo ba? Na ce akwai guda ɗaya. Ya yi sauri ya ce shi fa bai ce a kunna ba, tambaya kawai ya yi. Ya sa takalmi ya tafi.

To ga inda muke. Kwalin yana ɗakin yayanka, rediyon yana ɗakina, kuma ba wanda ya isa ya matsa da ɗaya wurin ɗaya. Zalika ba ta san ba a ƙona ba. Ina ta juya ko in gaya mata, ina tsoron in tayar da abin da ya fara kwanciya. Wani lokaci ina jin haushinka, don ka bar wa kowa guntun kanka, Alhaji da nasa, Arzika da nasa, ɗiyarka da nata, kowa yana rantsuwa nasa ne cikakke. Wani lokacin kuma sai in ce, wataƙila kai kanka ba ka gama yanke shawara ba aka kira ka, harshen ya fitar da abin da ke zuciyar daidai yadda yake.

In ƙonawa ka ce, ka yafe mana, ba mu ƙona ba. In kunnawa ka ce, ka yafe mana, ba mu kunna ba. Ta kowace hanya dai ba mu cika maka ba, kuma ba don ba ma son ka ba ne. Ina yi maka sadakar fura duk Juma'a. In kiɗan nan nauyi ne a kanka, Allah ya sauke maka shi don rahamarsa. In kuwa ba komai ba ne, Allah ya jiyar da kai abin da ya fi shi daɗi.

Ana kiran la'asar, zan tashi. Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu da alheri. In mun haɗu, kafin ka tambaye ni labarin kowa, sai ka fara ba ni wannan amsa.

Uwar ɗiyanka,
Rabi